Kiran da Ba a Amsawa

A ƙasar Hausa dare ne babban lokacin tsoro, ko da yake mu ma an hana mu zama gindin tsamiya da rana tsaka. A Doha kuwa, tsohon labarin da iyaye mata suke tsare yara da shi na tsakar rana ne. Akwai wata halitta da mutanen wannan gaɓar teku suke kira Himaratul Gayla, jakar tsakar rana: mace ce mai ƙafafun jaki, tana fitowa idan rana ta take kowa ya shige ɗaki, ta kama duk yaron da ta tarar yana gantali a lungu. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwar Souq Waqif da azahar a watan Yuli, shaguna a rufe, ƙasa tana huci, ba mai motsi sai kyanwa a inuwar bango, ba sai an yi masa bayanin dalilin wannan labari ba. Rana a nan tana kisa. Har gwamnati ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Aikin da doka take yi wa leburori yau, shi jakar take yi wa yara a da.

Sai dai jakar ba ta daɗewa a zuciya. Da yaro ya yi wayo sai ya gane dabarar uwarsa ce, ya yi dariya, ya girma, shi ma ya gaya wa 'ya'yansa. Haka Dodo yake a wurinmu. Mun ji shi a tatsuniya yana haɗiye mutanen gari da shanunsu, mun ƙanƙame juna a kan tabarma, da gari ya waye mun manta. Ban taɓa ganin dattijon da Dodo ya hana barci ba.

Labarin da ya zauna mini shi ne na Bu Darya. Kafin fetur da gas, abincin mutanen Qatar a cikin teku yake. Maza suna shiga jiragen katako su yi kusan wata huɗu na tsananin zafi suna nutso neman lu'ulu'u, har zuwa shekarun 1930 da lu'ulu'un da Japan take rainowa ya karya kasuwar. A cikin waɗannan jirage aka haifi Bu Darya, rabinsa mutum rabinsa kifi. A wata ruwaya hawowa jirgi yake yi da dare ya ɗauke wanda barci ya sace. Wannan ba ta dame ni ba, ɗan uwan Dodo ne. Ɗaya ruwayar ce abin dubawa. Sun ce yakan tsaya can nesa a cikin duhu yana kuka da muryar mace da ruwa yake neman ci, yana neman agaji. Matuƙin da ya juya jirgi don ya cece ta, shi da mutanensa sun halaka. Maganinsa shi ne a toshe kunne, a yi ta karatun Alƙur'ani, a wuce.

A tsaya a kan wannan. Mutumin teku ba shi da wata doka da ta fi ceton wanda ruwa ya ci, domin gobe shi ne a cikin ruwan. Bu Darya ya shigo ta ƙofar tausayi, ƙofar da mutumin kirki ba ya iya rufewa. Idan ka juya ka mutu. Idan ka wuce, har ka tsufa ba za ka daina tambayar kanka ba: to idan da gaske mace ce fa? Wanda ya ƙagi wannan labari ya san abin da manyan marubutan ban tsoro suka sani, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Mu ma mun san shi. Kowane Bahaushe an taɓa gargaɗinsa cewa idan ya ji an kira sunansa da dare bai ga mai kiran ba, kada ya amsa. Muryar kuma ba ta baƙo ba ce, ta Inna ce ko ta Yaya, shi ya sa ake buƙatar gargaɗin. Maye ma ba daga jeji yake zuwa ba. A yadda ake ba da labarinsa, maƙwabci ne, ko gwaggo, ko mai ƙosan da kake saye wurinta kullum. Kun gaisa da safe, ta tambayi jikin yaro, alhali kurwarsa tana hannunta. Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin wannan tsoro ya sa an doki tsofaffin mata marasa gata, an kore su daga garuruwansu, wasu an kashe su a kan zargin da ba mai iya tabbatarwa. Ƙarfin labarin ne ya jawo ɓarnar, ƙarfinsa kuma daga kusanci yake.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba. Razana ta lokaci guda ce, ƙofa ta buga, gabanka ya faɗi, ka dawo hayyacinka. Firgita ta fi ta tsawo, takan fitar da mutum daga barci yana salati. Fargaba kuwa ba ta da ƙara. Ita ce take zaune da kai kana cin tuwo, kana amsa gaisuwa, abin bai faru ba amma ka san yana tafe. Fim gwanin razana ne, yana da kiɗa da duhu da fuskar da za ta faɗo maka ba shiri. Littafi ba shi da ko ɗaya. Baƙaƙe ne a kan farar takarda, ba sa motsi sai ka motsa su, kuma duk lokacin da ka ga dama kana iya rufewa ka tashi. Saboda haka marubuci ba shi da jari sai fargaba, ita ma sai da haɗin kanka. Kai ne kake juya shafi da hannunka. Kai ne kake ara wa abin tsoron murya, kuma muryar da za ka ara masa daga cikin waɗanda ka sani za ka ɗauko ta.

Wannan ba sabon tunani ba ne. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da ke Doha, wanda aka buɗe a hukumance a watan Afrilun 2018, fili ne guda mai faɗi, kantocin littattafai suna hawa hawa-hawa ta kowane gefe, a tsakiya kuma an haƙa rami mai zurfin mita 6 an lulluɓe shi da dutse, can ƙasa ake ajiye tsofaffin rubuce-rubuce. A wannan gini mai haske da sanyi na zauna da Kitabul Hayawan na Jahiz, malamin Basra da ya rasu wajen shekarar 868. A ciki ya kawo bayanin malaminsa Nazzam a kan dalilin da ya sa Larabawan ƙauye suke yawan ba da labarin gilan, wato aljanun jeji, da muryoyin da ake ji a sahara. Taƙaitaccen bayanin shi ne kaɗaici: mutumin da ya daɗe shi kaɗai a fili ba abokin magana, ƙaramin motsi yakan zame masa babba, zuciyarsa ta sassaƙa masa siffa, ya dawo gida ya ba da labari, yara su tashi da shi, idan su ma suka shiga jejin sai su ji abin da aka gaya musu za su ji. Jahiz bai musanta samuwar aljanu ba, mu ma ba mu musanta ba. Abin da ya gano shi ne rabon da zuciyar mai ji take da shi a cikin abin da ya ji. Mai karatu ma mutum ne da ya keɓe kansa da gangan.

Tambayi ɗan Masar da ya yi ƙuruciya a shekarun 1990, kuma suna da yawa a wannan gari, wane ne ya fara hana shi barci, zai ce maka Ahmad Khalid Taufiƙ. Likita ne daga garin Ɗanɗa, an haife shi a 1962, ya rasu a 2018. Daga 1993 ya fara fitar da jerin ƙananan littattafai masu suna Ma Wara'aɗ Ɗabi'a, jaruminsu Dakta Rif'at Isma'il, tsohon likitan jini, siriri, mai sanƙo, mai ciwon zuciya, wanda ba ya iya dambe da kowa. Wannan zaɓi shi ne rabin nasarar jerin, domin mai karatu ya san ba wanda zai zo ceto. Wani jerin nasa, Safari, a arewacin Kamaru ya kafa shi, kusa da mu. Amma littafinsa da ya fi tsaya mini a rai ba aljani ko ɗaya a cikinsa. Sunansa Utopia, ya fito da Larabci a 2008, kuma a nan Doha kamfanin ɗab'i na Bloomsbury Qatar ya fitar da fassararsa ta Turanci a 2011. Ya hasko Masar ta shekarar 2023, masu kuɗi sun killace kansu a bayan katanga a bakin teku, tsofaffin sojojin Amurka suna gadinsu, 'ya'yansu kuma don maganin gundura suna fita farautar talaka su yanko hannunsa su kawo tsaraba. Wani saurayi da budurwarsa suka fita wannan farauta, asirinsu ya tonu, sai wani talaka mai ilimi, Jabir, ya ɓoye su a ɗakinsa, ya ciyar da su, ya raka su har bakin katangarsu. Tun daga tsakiyar littafin ka san sakayyar da za a yi masa. Kana karantawa kana roƙon kada a yi, aka kuma yi.

Stephen King ya ce da ya gama rubuta Pet Sematary sai ya jefa shi a aljihun tebur don yana ganin ya wuce gona da iri. Sai 1983 ya fito. Na yarda da shi. Labarin wani likita ne da ya koma sabon gida a bakin titin da manyan motoci suke gudu, mota ta take ƙaramin ɗansa, shi kuma ya san wata tsohuwar maƙabarta a cikin daji wadda abin da aka binne a cikinta yake dawowa. Wanda ya nuna masa wurin dattijon maƙwabcinsa ne, kuma don ƙauna ya nuna masa. Abin da ya dawo daga kabarin bai kai tafiyar uban zuwa kabarin ban tsoro ba. Shafi bayan shafi yana haƙa, yana ba kansa hujja, kai kuma da ka taɓa sa ɗa a makara ba ka iya rantsuwa cewa ba za ka bi shi ba. Musulmi yana karanta wannan littafi da wani nauyi na daban, domin ya san sunan abin da mutumin ya rasa, wato haƙuri da ƙaddara, ya kuma san cewa faɗinsa ya fi yinsa sauƙi.

Littafin da nake komawa gare shi, ko da ba na so, shi ne Frankenstein a Bagadaza na Ahmad Sa'adawi, wanda ya fito a 2013 ya ci babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014. Ya ari suna daga littafin Mary Shelley na 1818, amma ciwon na Iraƙi ne. Shekarar 2005 ce, bama-bamai suna tashi kullum. Hadi, wani mai sayen tsofaffin kaya a unguwar Batawin, ya je karɓar gawar abokinsa da bam ya kashe, aka ce masa gawarwakin sun cakuɗe, ya haɗa abin da ya samu ya tafi da shi. Daga nan ya shiga tsintar sassan jikin mutane a titi, hanci a nan, hannu a can, yana ɗinke su wuri guda, da niyyar a samu cikakken mutum da za a yi wa sutura a binne shi kamar ɗan Adam, kada a share shi da shara. Niyya ce ta alheri tsantsa. Sai ran wani mai gadin otal da bam ya tarwatsa jikinsa ya shiga wannan gawa, ta tashi. Wata tsohuwa Kirista, Elishwa, da ta shekara ashirin tana jiran ɗanta da ya ɓace a yaƙin Iraƙi da Iran, ta gan shi ta ce ɗanta ne ya dawo, ta ba shi tufafin ɗan.

Halittar ta fara da ɗaukar fansar kowane sashe na jikinta, kuma da farko mai karatu yana tare da ita, don waɗanda take kashewa masu laifi ne. Amma naman yana ruɓewa yana zubewa, dole a sake sabo. Aka fara sa mata naman masu laifi, daga baya ta fara kashe wanda bai ji ba bai gani ba don ta samu abin maye gurbi, tana kuma da hujjar da za ta kare kanta a kowane mataki. Ba za ka iya nuna shafin da mai neman haƙƙi ya zama azzalumi ba. Wanda yake Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwamban 2014, da aka kai hari Babban Masallaci, ko ya san wanda ya je asibiti neman ɗan uwansa a ranar, ba zai karanta farkon wannan littafi a matsayin almara ba. Ni a wurin hancin nan na ajiye shi, na fita na zaga, sannan na dawo.

Akwai kuma wanda ba a ajiye shi a kantar littattafan ban tsoro, amma ga mazaunin wannan yanki da ya zo neman abinci ban san wanda ya kai shi ba. Benyamin, marubuci daga jihar Kerala ta Indiya da ya daɗe yana aiki a Bahrain, ya fitar da shi a 2008 da harshen Malayalam, aka fassara shi zuwa Turanci a 2012 da sunan Goat Days, wato kwanakin awaki, kuma ya gina shi a kan labarin mutum na gaskiya. Najib ya ci bashi, ya sayar da abin da yake da shi, ya bar matarsa da ciki, ya sauka a filin jirgin Riyad yana jiran ubangidan da zai zo ɗaukarsa. Kowa aka zo aka tafi da shi, saura shi da wani yaro. Can dare sai ga wani mutum ya karɓi fasfo ɗinsu ya yi musu nuni su biyo shi. Najib ya bi shi da murna. Motar ta wuce fitilun gari, ta bar kwalta, ta shiga sahara, ya ƙare a garken awaki shekara uku da wani abu, ba wanka, ba albashi, ba wanda yake jin harshensa, har ya raɗa wa awakin sunayen mutanen garinsu don ya samu abokan hira. Duk wanda ya taɓa fitowa daga jirgi a ƙasar da bai san kowa ba, riƙe da jaka ɗaya, yana duba fuskoki yana neman wadda za ta kira sunansa, ya san daɗin da ake ji idan an kira. Littafin ya ɗauki wannan daɗi ne ya mai da shi tarko.

Da na gama shi sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya faɗo mini, wanda aka rubuta tun gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933. Muna karanta shi a makaranta a matsayin labarin malami mai haƙuri, muna wuce uwar da sauri. Matar nan ta bar gida ta bi sawun ɗanta da aka sace har ta ƙetare sahara, a hanya waɗanda ta amince da su suka mai da ita baiwa. Da an ba da labarin daga bakinta, da Hausa ta samu littafin ban tsoronta na farko tun wancan lokaci.

Ba wai ba mu da hannu a wannan sana'a ba. Malamanmu na waƙoƙin wa'azi, daga Nana Asma'u zuwa Aliyu Namangi mai Infiraji, sun san yadda ake sa tsikar jiki ta tashi, kuma nasu ba ƙage ba ne, abin da muka yi imani da shi ne. Ko a can, wurin da ya fi taɓa ni ba siffar wuta ba ce. Lokacin nan ne da hadisi ya ambata, da aka gama binne mutum, waɗanda suka ɗauko shi a kafaɗa suka juya, yana jin takun takalmansu suna nisa. A ɓangaren ƙagaggun labarai kuwa, littattafan yaƙi da matsafa irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun cika kasuwar Kano da aljanu, na kuma sha daɗinsu ƙwarai. Amma aljanin da aka ƙirga maka kawunansa, aka gaya maka tsawonsa, aka ba jarumi takobin da zai sare shi, abokin gaba ne kawai. Ana jiran a ga yadda za a kashe shi, ba a fargabarsa.

Abin da nake jira daga marubutanmu shi ne su waiwayo cikin gida. Ga dillalin biza da yake ɗan unguwa, wanda ya yi makarantar allo da yayanka, ya zo har zaure ya ce Baba kada ka damu, yarinyar nan kamar ƙanwata ce. Ga wayar da ake bugowa daga daji da muryar ɗanka yana cewa a sayar da gona. Ga direban da ya tsaya taimakon wanda ya gani kwance a hanyar Birnin Gwari. Mutanen Zamfara da Katsina da Maraɗi suna ba da waɗannan labarai kullum a bakin shago, 'yan uwanmu da ke aiki a nan ma suna ba da nasu a masaukan ma'aikata bayan sallar isha'i, da sunayen garuruwa da adadin kuɗin da aka biya. Masu sauraro da yawa suna da waya a hannu, wasunsu ma suna rubuta littafin soyayya a cikinta babi-babi suna turawa Facebook da WhatsApp, kuma da irin wannan haƙurin na babi-babi ake rubuta littafin ban tsoro.